Yaya Ɗan Manomi Zai Shiga Karatun Likita?

A wani taron ƙungiya da muka yi bayan kaka, da aka gama maganar taki da bashin iri, wani dattijo ya ɗaga hannu. Ya ce yarinyarsa tana aji uku a sakandare, kullum maganarta ita ce za ta zama likita. Ya ce shi dai ya san ƙofar rumbu da ƙofar kasuwa, amma ƙofar wannan makaranta bai san inda take ba. Aka yi dariya, amma da muka duba, rabin waɗanda ke zaune a wurin tambayarsu ke nan. Saboda haka muka ga ya kamata a bayyana hanyar daki-daki, domin iyaye a ƙasar Bodinga da Shagari su san abin da ke gabansu tun da sauran lokaci.

Kada wani ya ce wannan ba abin ɗan ƙauye ba ne. Alhaji Shehu Shagari, wanda ya shugabanci Nijeriya daga 1979 zuwa 1983, an haife shi a garin Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya kuma dawo yana koyar da kimiyya a Midil ta Sakkwato. Watau malamin kimiyya ne kafin ya zama ɗan siyasa. Likitan farko daga Arewa kuwa, Dokta Barau Dikko, a Wusasa ta Zariya ya tashi, sai da ya ƙetare har Ingila kafin ya sami wannan ilimi. Yau ɗan Bodinga ba ya bukatar jirgin ruwa. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana nan Sakkwato da kwalejin koyon likita da asibitin koyarwa, tafiyar da mota ke yi a ƙasa da awa ɗaya.

Kusa ne a ƙafa. Shiga ce ke da wuya, gama masu nema suna da yawa, gurabe kuwa kaɗan ne. Majalisar da ke kula da likitoci a Nijeriya ita ke ƙayyade wa kowace jami'a yawan ɗaliban da za ta ɗauka, bisa ga yawan malamanta da gadajen asibitinta. Jami'a ba ta da ikon ƙara kujera don ta ji tausayin wani.

A aji huɗu ake shuka

Kuskuren da iyaye suka fi yi shi ne su fara tunanin wannan magana sa'ad da yaro ya kai ajin ƙarshe. A lokacin an riga an makara. Ranar da yaro ya gama ƙaramar sakandare zai shiga aji huɗu, a ranar ake raba hanya, waɗansu su bi kimiyya, waɗansu su bi fasaha ko kasuwanci. Wanda bai shiga ajin kimiyya ba, ƙofar likita ta rufe masa ke nan, kome ƙoƙarinsa.

Darussa biyar ake nema: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Dole yaro ya sami kiredit a kowane ɗayansu a jarrabawar fita sakandare, ko ta WAEC ko ta NECO. Kiredit yana farawa daga C6 ya hau zuwa A1. Wanda ya sami D7 a Kemistiri, ko da ya sami A1 a sauran huɗun, bai cika sharaɗi ba. Jami'o'i da yawa kuma suna so a ci biyar ɗin nan a zama ɗaya idan likita ake nema, ba a haɗa na bara da na bana ba.

To, ga abin da uba zai yi, ko da bai iya karatun boko ba. Ya tafi makarantar da kansa, ya gai da shugaban makaranta, ya tambaya cikin ladabi: akwai malamin Fiziks? Akwai na Kemistiri? Yara suna shiga ɗakin gwaje-gwaje, ko kuwa a kan allo kaɗai suke ganin kayan? Wannan tambaya tana da dalili. A jarrabawar WAEC da NECO akwai takardar gwaji da hannu, inda za a ba yaro kwalabe da ruwan sinadari ya auna, ko a ajiye masa ganye ko ƙwaro ya zana ya bayyana. Yaron da bai taɓa riƙe waɗannan kaya ba sai ranar jarrabawa, hannunsa rawa zai yi. Idan makarantar kusa ba ta da malaman nan, gara a nemi canji tun a aji huɗu, ko da za a kai yaro wurin dangi a Sakkwato. Canji a aji shida ba ya gyara kome.

Jarrabawar JAMB

Bayan ta fita sakandare akwai ta shiga jami'a, wadda hukumar JAMB ke shiryawa. An kafa hukumar a 1978. Iyayen da suka yi ta da fensir da takarda su sani abin ya sāke, gama tun 2015 da kwamfuta ake yin ta gaba ɗaya.

Mai neman likita zai amsa darussa huɗu: Turanci, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks. Ku lura, babu Lissafi a nan, ko da yake ana nemansa a WAEC. Yaro ya kan zaɓi Lissafi a maimakon Fiziks don ya fi iya shi, sai ya ci maki mai kyau, amma a ce haɗin darussansa bai dace ba. Shekara ta tafi ke nan.

Tambayoyi 180 ne, Turanci 60, sauran ukun 40 kowanne. Awa biyu ake bayarwa. Wanda ya raba zai ga kowace tambaya daƙiƙa 40 take da ita, ba ta kai minti ɗaya ba. Kowane darasi maki 100 ne, jimla 400. A cikin Turancin akwai tambayoyi daga wani littafin labari da hukumar ke zaɓa, sai a tabbata yaro ya karanta wanda aka sa a shekararsa, ba na wansa ba.

Maki nawa ake bukata? A nan mutane ke ruɗewa. A 2025 an tsayar da 150 a matsayin mafi ƙarancin makin shiga jami'a. Wannan ƙofar gari ce kawai, ba ƙofar ɗakin likita ba. A sakamakon da aka fara fitarwa a shekarar, yara fiye da miliyan 1.9 suka zauna, fiye da miliyan 1.5 ba su kai 200 ba, waɗanda suka kai 300 kuwa ko dubu 20 ba su cika ba a ƙasar duka. Masu neman likita daga saman nan ake tsintarsu. Shawararmu ita ce yaro ya sa 300 a ransa. In ya gaza kaɗan, yana nan cikin masu rabo. Wanda ya sa 200 a ransa, da wuya a kira sunansa.

Maganar kwamfuta kada ta tsorata kowa. Ba a bukatar yaro ya iya buga wasiƙa. Haruffa kaɗan ne: A, B, C, D na zaɓen amsa, N na ci gaba, P na komawa baya, S na miƙa aiki. Amma yaron da bai taɓa zama gaban na'urar ba ya kan ɓata minti goma yana neman inda zai taɓa, minti goma kuwa tambayoyi goma sha biyar ne. Hukumar tana shirya jarrabawar gwaji kafin ta gaske, ga wanda ya nuna yana so lokacin rajista. Ku biya masa. Kuɗin motar Sakkwato na wannan rana ba asara ba ne.

Takardu, inda ake faɗuwa ba tare da an shiga ɗakin jarrabawa ba

Za mu daɗe a nan, gama abin da muka gani da idonmu ne. Wani yaro mai ƙoƙari a cikinmu ya ci makin da ya isa, amma ya zauna gida shekara guda. Dalili? A katin ɗan ƙasa sunan kakansa aka sa a ƙarshe, a takardar sakandare kuwa sunan ubansa. Ranar haihuwa ma ta bambanta. A ƙauye kowa ya san mutum ɗaya ne. Kwamfuta ba ta san haka ba.

Tun 2021 ba a rajistar JAMB sai da lambar ɗan ƙasa, wato NIN, mai lambobi 11. Yaro zai aika lambar ta saƙon waya zuwa 55019 ko 66019, a mayar masa da wata lambar da zai sayi fom da ita. Duk abin da ke kan NIN shi zai hau kan fom, daidai ko kuskure. Saboda haka tun yaro yana aji biyar a ɗauko takardar haihuwa, da ta NIN, da sunan da makaranta ta rubuta, a jera su a kan tabarma, a sa mai karatu ya duba harafi bayan harafi. In akwai bambanci a gyara a lokacin, gama gyara ya kan ɗauki watanni.

Layin wayar da aka yi rajista da shi ya zama na yaron ne ko na gidan, a kuma adana shi kamar takardar gona. Kada a yi da layin mai shago ko na wani abokin da zai tafi cirani. Ta wannan layi saƙonni za su riƙa zuwa har a gama.

Rajista a cibiyar da hukuma ta amince da ita kaɗai ake yi, yaron kuma da kansa zai je, domin za a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Ranar jarrabawa ma sai na'ura ta gane yatsan kafin a bar shi ya shiga. 'Yan mata su bar ƙunshi a makonnin nan, gama hukumar ta sha yin gargaɗi cewa lalle yana hana na'ura karanta yatsa. Samari masu aikin tubali ko yankan kara su ma su huta wa hannunsu kwana kaɗan.

Sai takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ga amfaninta. A jami'o'in tarayya ana raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 ga waɗanda suka fi maki daga ko'ina, 35 ga 'yan jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 ga jihohin da aka lasafta suna baya a ilimin boko. Sakkwato, Kebbi da Zamfara suna cikin kashi na biyu a jami'ar Sakkwato, suna kuma cikin kashi na uku. Wannan dama ce babba ga yaranmu, shi ya sa muke ganin hikima ce a sa jami'ar gida a zaɓi na farko. Amma jihar asali ake dubawa, ba wurin zama ba. A ƙungiyoyinmu akwai iyalai da suka daɗe suna noma a nan alhali asalinsu wata jiha ce. Su je ƙaramar hukumarsu ta asali su karɓi takarda tun da wuri. Kada a sayi ta ƙarya, gama in aka gane, ko yaro ya kai aji biyar a jami'a ana iya korarsa.

Game da shekaru, a 2025 gwamnati ta tsayar da 16 a matsayin mafi ƙarancin shekarun shiga jami'a.

In sakamakon WAEC ko NECO ya fito, sai an koma cibiya an ɗora shi a shafin JAMB na yaron. Jami'a kuma za ta yi nata tantancewa, da fom nata dabam. In an ba da gurbi, a shafin JAMB zai bayyana, yaro kuma sai ya shiga ya karɓa da kansa. Duk wanda ya kira ku a waya ya ce zai ƙara wa yaro maki ko ya samo masa gurbi in an tura kuɗi, ɓarawo ne. Haka makarantun da ake biya a rubuta wa yara amsa a allo. Ko an tsira daga soke sakamako, yaron zai je ya tarar da Kemistirin jami'a yana jiransa, ba mai rubuta masa.

Jarrabawa da damina sun haɗu a ƙofa ɗaya

Yanzu ga inda abin ya shafi ƙungiya. Ku dubi kalanda. Rajistar JAMB ta kan faɗo a farkon shekara, jarrabawar kuma wajen Afrilu, tsakiyar zafin bazara. WAEC ta kan kama Mayu da Yuni, lokacin sharar gona da kai taki da jiran ruwan shuka. NECO ta kan zo Yuni da Yuli, daidai noman fari, sa'ad da ciyawa ke tsere da gero, kowane hannu a gidan ana bukatarsa. Uba yana duban gonarsa, yana duban saurayin da ya fi kowa ƙarfi a gidan yana zaune da littafi a gindin bedi. Ba mugunta ba ce in ransa ya ɓaci. Amma yaron da ya yini da kalme tun asuba ba zai iya lissafin Fiziks da dare ba. Yarinya kuma nata ya fi yawa, ga ɗiban ruwa, ga daka, ga kai abinci gona, ga reno.

Uba ɗaya ba zai iya ɗaukar wannan asara shi kaɗai ba, amma ƙungiya za ta iya. Gayya ba baƙon abu ba ce a wurinmu. In a cikin ƙungiya akwai gidaje uku masu 'yan jarrabawa a bana, a sa musu rana a yi musu noman fari, a rubuta a littafi. Baɗi in layi ya zo kan wasu, su ma a yi musu. Mata su ma su raba aikin yarinyar a tsakaninsu na wata biyu.

Kuɗi kuma da kaka ake shirya su. Kuɗin rajista ya kan zo a lokacin da manomi ya riga ya sayar da amfaninsa da araha. Ƙungiyar da ke da ɗakin ajiya ta ware buhu kaɗan na gero ko wake da sunan jarrabawa, a sayar a Janairu. Masu albasa da noman rani a fadama suna da sauƙi, gama kuɗinsu yana shigowa kusa da lokacin. Tunkiya ɗaya da aka ɗaure wa yaro tun yana aji huɗu, ita da 'ya'yanta za su biya fom da mota da kwana.

Akwai abubuwa biyu masu araha da ke sāke sakamako ƙwarai. Na ɗaya fitila mai aiki da hasken rana, a wuri ɗaya da yara za su taru su yi karatu bayan cin tuwo. Na biyu littattafan tambayoyin shekarun baya, tare da manhajar da JAMB ke bayarwa, wadda ta jera abin da za a tambaya a kowane darasi. Ƙungiya ta saya, ta buga hatiminta, a riƙa ara ana mayarwa. Yadda ake amfani da su shi ne a ajiye agogo, yaro ya amsa tambaya 40 cikin minti 25, sa'an nan ya koma littafin karatu ya binciko dalilin kowace da ya faɗi. Haddace amsa ba ya amfani, gama ana juya tambayar. In akwai mai bautar ƙasa da ya karanta kimiyya a garinku, ku neme shi. Kwanon gero da ɗan abin sabulu ya kan sa ya ba yara yammacin Asabar.

Turanci shi ne ramin da yaran ƙauye suka fi faɗawa, ba don shi kaɗai ba, amma don sauran darussan ma da shi ake tambayarsu. Maganinsa karatu kullum da ƙarfi, shafi biyu ko uku, ko na tsohuwar jarida ne.

In an shiga fa?

Kada a yanka rago tukuna. Karatun shekara shida ne. Shekarar farko kimiyya ce zalla, wanda bai ci ba a kan mayar da shi wani sashe. Daga nan sai koyon ginin jikin mutum da yadda yake aiki, har da fiɗar gawa, wannan kuwa gara iyaye su ji tun yanzu. Bayan babbar jarrabawa sai a koma asibitin koyarwa, a koyi cututtuka da magunguna, ciwon yara, haihuwa, tiyata da lafiyar jama'a. In an gama, akwai shekara ɗaya ta koyon aiki a ƙarƙashin manyan likitoci, a nan ne ake fara karɓar albashi, sai kuma shekarar bautar ƙasa. Daga aji huɗu zuwa ƙarshe shekara 11 ke nan, in ba a sami tsaiko ba. Tsaiko kuwa yana faruwa. A 2022 yajin aikin malaman jami'a ya ci wata takwas.

Ɗalibin likita ba ya samun dogon hutun da zai dawo ya yi noma, ba ya kuma samun sarari ya yi sana'a. Gida ne zai riƙe shi. Taimako biyu za a nema. Akwai hukumar ba da tallafin karatu ta jiha, ga 'yan asalin jihar. Akwai kuma asusun bashin ɗalibai na tarayya, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, wanda ke biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'ar gwamnati, ba ruwa a kansa, ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa. Bashi ne dai, a shiga da ido buɗe.

Wanda bai samu ba

Yawancin masu nema ba za su samu a karon farko ba, har da masu ƙoƙari. Ana iya sāke zama baɗi, mutane da yawa a karo na biyu suka shiga. Akwai kuma karatun share fage na IJMB, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ke kula da shi, da ke kai wanda ya ci da kyau aji biyu kai tsaye, ko da yake gurabensa a sashen likita sun fi ƙaranci. A ganinmu, bayan gwaji biyu ya kamata a zauna a yi shawara, kada yaro ya tsufa a bakin ƙofa ɗaya.

Da darussan nan biyar ake shiga karatun haɗa magunguna, da aikin jinya, da gwajin jini, da ɗaukar hoton ƙashi, duk a jami'ar Sakkwato. A can kuma akwai sashen likitan dabbobi, wanda mu masu shanu da tumaki bai kamata mu raina ba. Akwai kwalejin jinya da ungozoma a Sakkwato, da kwalejin kiwon lafiya ta Sultan Abdurrahman a Gwadabawa, inda ake horar da ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin ƙauyuka. Matar da naƙuda ta tsananta mata da tsakar dare a wani ƙauye bayan Dingyaɗi ko Kajiji, ungozomar da ke kusa ita za ta fara gani, ita ce kuma za ta san ko lokacin neman mota zuwa Sakkwato ya yi.

Sakatarorin ƙungiyoyi su rubuto sunayen yaran da ke aji uku zuwa aji shida a gidajen membobinsu, maza da mata, da darussan da kowane ke yi, su zo da takardar a taro mai zuwa. Kowane uba kuma ya zo da takardar haihuwar yaronsa da ta NIN, za a sami masu dubawa a wurin.